Allin Kyaftin

Sansanin 'yan wasa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon nan da ke miki tsalle a ciki. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Koci ta tattara wayoyinmu kaf ta kulle a akwati tun ranar da muka shigo sansani, ta ce sai an gama gasar jami'o'i. Direban motarmu ne ya ce yakan bi ta garinku idan ya je ɗauko kaya, shi ne na yagi tsakiyar littafina na zauna a kan matakala ina rubuta miki.

Mun ci duk wasanninmu na rukuni. Ya kamata a ce ina murna, ko? To ni dai na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi ɗauka. Ɗazu abokiyar wasanmu Katanga ta ce idan ban daina zagaya ɗakin ba za ta ɗaure ni a jikin gado da igiyar takalmi.

Matsalar wata yarinya ce 'yar ajin farko, muna ce mata Tsinke, in kin gan ta za ki san dalili. Wurina take bugawa, ita ma mai raba ƙwallo ce. Yaya, ban taɓa ganin irinta ba. Ƙwallon kwando a hannunta kamar da zare ta ɗaure ta. Tana kallon hagu ta miƙa dama, kafin ki juyo Doguwa ta riga ta zura a kwando. Ni da na shekara huɗu a ƙungiyar nan, ni da nake kyaftin, ta fi ni. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta, amma ba zan goge ba.

Kin fi ni sanin abin da ke jirana in mun kai wasan ƙarshe. Za a kawo ɗan allon nan bakin fili, Koci ta miƙo wa kyaftin alli ta koma gefe, ni kuma in rubuta sunayen masu barin makaranta a bana, su buga rabin farko ba mai canza su. Bana mu biyar ne cif: ni, Katanga, Doguwa, Bahaguwa da Likita. Babu gurbin Tsinke.

Koci ta taho da tsohon hoton nan na waɗanda suka ci mana kofi, ta rataye shi a kan ƙusa kusa da ƙofa. Ya koɗe har fuskokin sun fara zama iri ɗaya. Kullum in zan fita sai na yi ido biyu da su. Tun daga kansu sau huɗu muka kai wasan ƙarshe, har da naku, sau huɗu muka dawo hannu rabbana. Ba wanda ya taɓa tambayar ko allin nan ne yake kayar da mu?

Ki gaishe da maigida. Ki rubuto, direban zai dawo ta nan.

Ƙanwarki,
Auta


Gida, ranar Laraba

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura har takalmin da nake tsalle da shi a da ko yatsuna ba sa shiga. An ba ni hutu a wurin aiki, ina zaune ina ƙirga ƙudaje. Rubutunki kuwa har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Ba ku kai wasan ƙarshen ba tukuna kin fara rabon gadonsa. Haka kike tun kina ƙarama, ana dafa abinci kina tambayar wa zai wanke tukunya.

Tunda kin taɓo maganar alli, bari in tuna miki inda ya samo asali, don na ga ku 'yan yanzu kun ɗauka camfi ne. Matan da ke cikin hoton nan, lokacinsu ko fili ba a ba su sai maza sun gaji sun tafi cin abinci. Riguna ma aro suke yi su naɗe hannu. Haka suka yi shekaru ba mai kallonsu. Ranar da suka kai wasan ƙarshe, tsohon da ke koyar da su ya ce shi ba shi da bakin da zai zaɓi wata ya bar wata, ya miƙa wa kyaftin alli. Ita kuma ta rubuta waɗanda ba za su sake sa rigar ba, suka shiga suka ci. Daga nan abin ya zama namu.

Kin san me yake riƙe yarinya a ƙungiyar nan shekara uku tana ɗaukar gorunan ruwa, tana tafa wa wasu daga benci? Sanin cewa akwai rabin wasa guda da yake nata, ba koci ba gwana da za ta karɓe mata. Ki cire wannan ki ga mutum nawa za su rage miki a atisaye. Tsinken taki tana da shekara uku a gaba, za ta sami nata allin. Ke kuwa daga wannan sai ofis da kujera da ciwon baya.

Ga wani labari da zai sa ki zauna. Mama ta ce in kun kai za ta rufe shagon ɗinki ta zo. Mama fa, wadda ba ta taɓa taka filin wasa ba. Lokacin nawa Baba yana kwance a asibiti, ba ta iya zuwa ba, kuma na san abin yana cin ta har yau ko da ba ta faɗa. Ta ce in gaya miki ki aiko mata da rigar wasanki ta hannun direba, ta ji kin ce lambar baya ta fara ɓantarewa.

Ki ci abinci, ki daina zagaye. Allah ya ba da nasara.

Yayarki


Sansani, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da nauyi. Mun kai! Jiya muka ci wasan kusa da na ƙarshe. Amma ki ji yadda aka yi kafin ki yi guɗa.

Ni na fara. Sun sa mini mutum biyu tun daga tsakiyar fili, duk inda na juya hannu ne a fuskata. Suka ƙwace mini ƙwallo, suka sake ƙwacewa, ina ji alƙalin wasa yana busa ina jin kunya kamar in nutse. Koci ta ɗaga hannu ta cire ni ta sa Tsinke. Yarinyar nan ta shiga tsakaninsu ta wuce kamar ba mutane ba ne a gabanta. Kafin a tafi hutu mun kamo su, bayan hutu muka bar su a baya. Na yi ihu har muryata ta dishe, kuma a ƙasan ihun akwai wani abu mai ɗaci da ban so in haɗiye ba. Ina sonta, ina jin haushinta, duk a lokaci guda.

Masu jan riga za mu haɗu da su a wasan ƙarshe, waɗanda suka kayar da ku. Sun fi na jiya gudu nesa ba kusa ba. In na riƙe ƙwallon nan rabin wasa a gabansu, ramin da za su haƙa mana ba Tsinken da za ta iya cike shi.

Na yi wani tunani, ki faɗa mini gaskiya. Likita ta fi kowa rauni a cikinmu, rabin atisayen bana tana asibitin koyarwa tana bin manyan likitoci. In na bar sunanta na sa Tsinke, sai ni in koma gefe in bar mata rabon ƙwallo. Kin ga na buga, Mama ta gan ni, Tsinke ma ta buga. Wa ya yi asara in ba mutum ɗaya ba? Sai dai tunda na fara wannan tunanin na kasa haɗa ido da Likita. Yau da safe ita ta ɗaure mini idon sawu da bandeji, tana ba ni labarin ƙannenta da za su zo kallo. Na ce mata ya yi tsauri, alhali daidai yake.

Ita ma Tsinken ta ji ƙishin-ƙishin. Ta same ni a wurin shanya ta ce don Allah kada in rubuta ta, ba ta son tsofaffin 'yan wasa su tsane ta tun daga shekarar farko. Na ce wa ya ce miki zan rubuta ki, je ki kwashe safarki.

Na je wurin Koci da kaina. Tana zaune tana hura ƙwallaye, ko kai ba ta ɗago ba. Na yi ta zuba, ita tana ta matsa ƙwallo da yatsa tana sauraren iska. Da na gama ta ce, "Allin naki ne, ba nawa ba." Na ce ita a ganinta fa? Ta ce in ina son ganinta in tambayi yayata inda ita Kocin take zaune ranar wasanku na ƙarshe.

To na tambaye ki. Ina take zaune?

Na aika wa Mama rigar. Ki amsa mini da wuri, hankalina ya ƙi kwanciya.

Auta


Gida, ranar Litinin

Auta,

Na amsa gaisuwa. Barka da nasara, na yi murna har maigida ya leƙo ya ɗauka naƙuda ce.

Kocinku a benci take zaune, can ƙarshe kusa da gorunan ruwa. 'Yar ajin farko ce a lokacin, kuma ta fi mu duka, ni ma na sani, kowa ya sani. Na karɓi alli na rubuta mu masu tafiya. Masu jan riga suka yi mana tazara mai nisa kafin hutu. Bayan hutu ta shiga ta yi ta cin su ita kaɗai, muka matso, muka matso, aka busa tashi saura kwando ɗaya. Shekarun da suka biyo baya ƙungiyar ba ta sake kaiwa ba sai bayan ta gama makaranta, don haka ita ba ta taɓa riƙe allin ba. Abin da take nufi ke nan.

In kina jiran in ce na yi nadama, ki nemi kujera. A cikin waɗanda na rubuta akwai wata da muke ce wa Gwaggo, don ta girme mu duka. Ba ta iya komai ba sai naci. Shekara huɗu ba ta taɓa fashin atisaye ba, kuma ba a taɓa fara wasa da ita ba. Ranar nan ta buga rabinta, ta jefa ɗaya ta shiga, mahaifinta ya miƙe tsaye a cikin jama'a hularsa ta faɗi bai sani ba. Bai sake shekara a duniya ba. Kofi kuwa da mun ci, da yana can cikin kabad a ofishin wani yana tara ƙura. Ki auna da kanki.

Maganar Likita ce ta ɓata mini rai. Na karanta wurin sau biyu ko zan ga ba ke kika rubuta ba. Wato ke ki buga, Mama ta gan ki, kofi ya zo, ita kuma ta biya kuɗin duka da nata rabin wasan? Yarinyar da take fitowa daga asibiti da gudu ta canza takalmi a bakin fili? In kika yi haka, ki ci kofinki, amma kada ki kawo shi gidana.

Suna ɗaya ne kaɗai a allon nan kike da ikon barinsa, kin kuma san shi. Ban ce ki bar shi ba. Ni ce ma zan fi kowa jin ciwo in kin yi, don kamar kin miƙe a gaban mutane kin ce yayarki ta yi wauta ne. Kuma Mama ba don ta ga Tsinke za ta rufe shago ba.

Da zan iya hawa mota da na zo na zauna a bayanki tare da sauran tsofaffi. Likitana ya ce ko kasuwa kada in je. Allah ya sa ki ga abin da ya fi.

Yayarki da ke sonki ko da kina ba ta haushi


Sansani, safiyar Juma'a

Yaya,

Gaisuwa a tsaye, direba yana ɗumama mota. Yau ne.

Likita za ta buga, wannan na gama da shi, kuma na ji kunyar kaina yadda kike so in ji. Sauran ban sani ba. Na ɗaure takalmi na kwance, na sake ɗaurewa. Na tsaya gaban hoton nan na daɗe.

Mama ta iso. An bar ta ta gan ni a bakin ƙofa. Ta kawo rigar a cikin leda, ta ɗinke lambar da zare biyu, ta yi mata guga har da kari kamar rigar zuwa ofis. Ta tambaye ni ta wane gefe zan fi yawan tsayawa don ta zauna a nan. Na nuna mata, Yaya, na nuna mata gefen.

Ki yi mini addu'a, ko da ba ki san me kike roƙa mini ba.

Auta


Shago, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayar Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Ƙanwarki ta ce ita ba za ta iya rubuta miki ba, ni in rubuta, to ga shi, ki yi haƙuri da hannuna ya fi sabawa da almakashi.

Na je na gani. Wurin babba ne, ga ƙara kamar an kunna kekunan ɗinki ɗari. Na zauna a gefen da ta nuna mini. A gabana akwai wasu mata manya, an ce tsofaffin 'yan wasa ne, da suka ji ni ce na haife ki suka yi ta gaishe ni, wata mai ƙiba ta ce in ce miki Gwaggo tana gaisuwa.

Aka kawo allo aka jingine. Kocinsu ta ba Auta alli. Ta rubuta huɗu da sauri, sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye har wani ya yi fito. Ta waiwayo ta neme ni da ido, ni kuma ban san abin da ake ciki ba sai na ɗaga mata hannu. Ta juya ta rubuta na biyar. Ɗaya daga cikin matan gabana ta ce ba a taɓa yi ba, ta ɗauki jakarta ta koma can sama. Na tambayi Gwaggon me ya faru, ta ce, "Mama, 'yarki ta cire kanta."

Yarinyar da ta rubuta, siririyar nan, ta ƙi tashi, sai da Auta ta kamo hannunta ta tura ta cikin fili.

Ni ban san wasan ba, ba zan iya gaya miki yadda aka yi ba. Na dai ga lambobin da ke sama suna ta bin juna, wannan ya wuce wancan ya kamo. Na ga wadda suke ce wa Likita ta jefa ta shiga, wasu yara uku a bayana suka kusa faɗowa kaina. Ita kuwa ƙanwarki bencin ma ba ta zauna ba. Ta je can ta dawo nan, ta tsuguna ta miƙe, tana nuni da hannu duk alli a yatsunta, har ta shafa shi a goshi ba ta sani ba. Ita na yi ta kallo, tunda ita na zo gani.

Da aka dawo daga hutu kocin ta yafito ta don ta shiga. Ta dubi lambobin, ta dubi siririyar, ta girgiza kai. Can gaba aka sake yafito ta, ta sake girgizawa. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Na so in sauka in ja kunnenta.

Sun ci. Da ɗan kaɗan ne, amma sun ci. Aka yi ta ihu, aka miƙa wa ƙanwarki kofin ta ɗaga tana kuka, kocin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hannu. Gwaggo ma ta yi kuka, amma da aka tashi ba ta je ta gaisa da Auta ba, wasu ma haka.

Da ƙanwarki ta zo wurina ta durƙusa ta ce in yafe mata, na rufe shago a banza. Na ce tashi, mutane na kallo. Ta ba ni rigar na taho da ita. Na zo zan jiƙa ta na ga ba abin wankewa, karin gugar da na yi yana nan yadda yake. Na ninke na ajiye a kan keke, yau ko ɗinki ɗaya ban yi ba.

Ku biyu na haifa masu wasan nan, ban ga ko ɗaya tana yi ba.

Ki riƙa shan ruwa, ki daina ɗaga abu mai nauyi.

Mamanku


Gida, ranar Talata

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ji komai daga Mama. Barka.

Ban yarda da abin da kika yi ba, kuma da za a sake ba ni alli Gwaggo zan sake rubutawa. Amma na karanta maganar rigar nan na yi kuka har maigida ya fita neman mota.

Akwai kwando a makarantar da ke bayan gidanmu, ragarsa ta yage amma ƙarfen yana nan. In na sauka lafiya na warware, ki taho da takalmanki, ki taho da rigar, ki taho da Mama. Rabin wasa, ni da ke, ba mai canza kowa. Ki gaya mata ta zaɓi gefen da za ta zauna.

Yayarki